Amsoshin Tambayoyinku: Biri da mutum, ina aka haɗu ina aka rabu?

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi da kewaye, barkanmu da warhaka. Yau saƙonni uku na ware, duk maganar biri ce.

Na farko daga wani ƙanenmu ɗan sakandare a Aboabo, ya ce ya je gidan zoo ɗin nan na kusa da Kejetia ya ga chimfanzi babu wutsiya, wai yanke mishi aka yi? A'a ƙanena, ba wanda ya yanke, haka Allah ya halicce shi, kuma wallahi na ji daɗin tambayar nan don ka lura da abin da manya da yawa ke wucewa ba su gani ba. Masana sun tara birai da danginsu a rukuni ɗaya, sunan da suke kiranshi firaimet, wani Linnaeus mutumin Suwidin ne ya sa sunan a 1758, kuma ire-irensu sun haura 400. Da farko an raba su biyu ta hanci. Akwai masu jiƙaƙƙen hanci kamar na kare, su ne lemur na tsibirin Madagaska da ɗan ƙaramin nan mai manyan idanu da ke kuka cikin dare kamar jariri, muna da shi a dajinmu na Ghana. Sai masu busasshen hanci, a nan birai suke. Na Kudancin Amurka wasunsu har rataya suke yi da wutsiya a reshe, namu na Afirka da Asiya ba su iya wannan ba, irin jan biri da gwaggon birin da ke gandun dajin Mole da na Shai Hills. Sannan sai marasa wutsiya kwata-kwata, gibon da orangutan a Asiya, gorila da chimfanzi da bonobo a Afirka. Wanda ka gani cikin waɗannan yake.

Saƙo na biyu daga wata Hajiya a Asawase, ta ce ɗanta ya dawo makaranta yana cewa ticha ya ce mutum biri ne, ranta ya ɓaci. Hajiya Allah ya huci zuciyarki, yaron ya gutsuro maganar ne. Abin da ke littafinsu shi ne idan aka bi ginin jiki, mutum yana faɗawa cikin rukunin marasa wutsiyan nan. Ki duba hannunki yanzu, farce ne shimfiɗaɗɗe ba ƙumba irin ta kyanwa ba, babban yatsa yana taɓa sauran huɗun shi ya sa kike iya riƙe allura, idanu biyu duk suna gaba, haƙoran babban mutum 32 kuma na chimfanzi da gwaggon biri ma 32 ne cif. Da aka gwada ƙwayoyin gado, namu da na chimfanzi sun yi kama da kusan kashi 98 zuwa 99 cikin ɗari. Amma su kansu masanan ba su ce birin da kike gani yau shi ya rikiɗa ya zama mutum ba, cewa suka yi mu da chimfanzi asali ɗaya ne da ya rabu wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Maganar Annabi Adamu alaihissalam kuwa ta malamanmu ce, ki kai yaron gabansu ya ji, kuma don Allah kar a doke shi kan tambaya, a zaunar da shi. Ki nuna mishi bambancin ma, mu ne kaɗai a rukunin muke tafiya da ƙafa biyu kullum, ƙwaƙwalwarmu ta ninka ta chimfanzi wajen sau uku, ga magana ga rubutu.

Na uku wani direban trotro daga Sawaba, da gaske ne akwai garin da ake binne biri? Gaskiya ne Oga direba, Boabeng da Fiema kusa da Nkoranza, mutanen can ba sa kashe su, in ya mutu makabarta gareshi. Iri biyu za ka tarar, mona mai shiga gidaje neman abinci, da kolobos mai baƙi da fari wanda ganye ne cimarshi yana can saman bishiya. Ka lura da hannun kolobos ɗin in ka samu gani, babban yatsan nan da na ce wa Hajiya shi kusan babu, ɗan guntu ne kawai ya rage.