Wannan 41% ɗin da ke kan fim ɗin Uncharted ba maki ba ne

[Hoton waya: koren tabo da 41% a gefensa]

Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ana turo min hoton nan ta WhatsApp. A gidan kallon ƙauyenmu, nan kusa da Kura, har gardama ta kaure a kansa. Samari sun kalli Uncharted sun ji daɗinsa, sai wani ya zaro waya ya ce ai Turawan ma maki 41 suka ba shi, da ƙyar ya tsallake F9, makin faɗuwa a jarabawar WAEC.

Fim ɗin kun san shi. A 2022 ya fito, Tom Holland da Mark Wahlberg suna farautar zinaren da labarin ya ce ayarin jiragen ruwan Magellan, wanda ya bar Sifaniya a 1519, ya ɓoye. Asalinsa wasan PlayStation ne.

[Shafin Rotten Tomatoes]

Shafin nan sunansa Rotten Tomatoes, wato ruɓaɓɓen tumatur, daga tsohuwar ɗabi'ar jifan ɗan wasan da bai burge ba da tumatur. Mutanen kasuwar tumatur ta Kwanar Gafan ba sai an yi muku bayani ba. Jan tumatur lafiyayye ne, koren tabo kuwa ya fashe.

To ku ba ni hankalinku nan, don a nan ake ruɗewa. Shafin ba ya gyara takarda kamar malamin makaranta. Ƙirga kawuna yake yi.

[Ƙwaryar fura, ludayi na zagayawa]

A ce Inna ta dama fura, mutum goma suka sha. Tambaya ɗaya aka yi wa kowa: ta yi ko ba ta yi ba? Huɗu suka ce ta yi, shida suka ce da saura. An samu 40% ke nan. Wanda ya ce "ba laifi" da wanda ya lashe ludayi ya nemi ƙari, duk ƙuri'a ɗaya ce. Haka wanda ya ce sukari ne ya ɗan gaza da wanda ya tofar, layi ɗaya ake sa su. Saboda haka furar da kowa ya ce "ba laifi" za ta iya cin 100%, alhali wadda rabin mutane suka yi santinta, rabi suka ƙi ta, za ta tsaya a 50%. Kun ga lambar ba ta faɗa maka yawan daɗin ba, yawan waɗanda suka gyaɗa kai kawai ta faɗa.

Haka 41% ɗin nan take. Cikin masu sharhin fina-finai na jaridu da shafuka, kusan huɗu cikin goma ne suka yaba. Sai an kai 60% tumatur yake yin ja.

[Kwanon gugguru, 90%]

Wanda ya yanko hoton ya bar wannan ɓangaren. 'Yan kallo wajen 90% suka ba shi. Su ma ƙirge ne: waɗanda suka ba da tauraro uku da rabi zuwa sama, cikin biyar. Kuma ku lura, ɗan kallo da ƙafarsa ya je, da kuɗinsa, don dama irin fim ɗin yake so. Mai sharhi aikinsa ne, ko yana so ko ba ya so, kuma ya ga fina-finai irin su Indiana Jones ya ƙoshi. Abin da da yawansu suka yi kuka da shi ke nan, cewa hanya ce da aka riga aka taka. An kashe wa fim ɗin dala miliyan 120, ya dawo da sama da miliyan 400.

[Jirage masu saukar ungulu ɗauke da jiragen ruwa]

Ni dai a nan na ɗan bi bayan masu sharhi. Katakon da ya shekara 500 a kogo mai danshi, a ɗaure shi a yi sama da shi ana faɗa a kai? Ku tambayi masu kwale-kwale a kogin Haɗeja abin da damina biyar take yi wa katako. Amma wurin da yaron nan Tom Holland ya faɗo daga jirgin kaya yana damƙar akwatuna a sararin sama, sau uku na sa aka mayar min da shi baya.