Kwana 17 a tsakiyar yankan riɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Bidiyon nan ya daɗe a wayata. Na ɗauke shi ina ɗalibin likitanci a Khartum, babban birnin Sudan, kafin yaƙin watan Afrilun 2023 ya watsa mu. Yau ina zaune a Alƙahira na ce bari in ɗora masa murya ku gani.

Wannan motar ayarinmu ce, can ana ce masa ƙafila. Ɗalibai ne da 'yan likitoci, aikin sa kai, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa aka sayi magani. Mun tashi bayan asuba, muka bi ta Wad Madani zuwa Gadarif, tafiyar kilomita 400 da ɗoriya, sannan muka sauka daga kwalta muka nufi ƙauyukan bakin kogin Rahad. Ku dubi ƙasar nan da kyau. Baƙar laka ce, da damina sai tarakta ke iya ratsa ta, in ta bushe kuma ta dare kamar faso. A cikin tsagogin nan, da gindin aduwa da wata ƙaya da suke kira talha, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke ɓuya, ko girman sauro bai kai ba. Cizonsa ke kawo kala-azar, cuta mai sa dogon zazzaɓi da kumburin saifa, ita ce ta kai mu can.

Muna sauke kwalaye wani ya faɗo mini a ƙafa, na ce "wash!" Sai na ji wata tsohuwa a bayana ta ce, "Sannu ɗan nan, kai ɗan ina ne?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na durƙusa na ce, "Daga Kano nake, Inna." Kakanninta ne suka taso a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma, zama ya kama su. Hausarta tsohuwa ce, ta sha Larabci, amma ba abin da ya wuce ni. Tun daga nan na zama tafintan ayari.

Yaron da kuke gani a kan gadon igiya jikanta ne, bai wuce shekara 7 ba. Wata biyu yana zazzaɓi, an sha ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Hannayensa sun zama sille, ciki ya yi gaba. Da na taɓa, saifarsa ta sauko har kusan cibiya, ga tabon tsaga da ƙuna a fatar cikin. Muka ɗiga jininsa a tsinken gwaji na rK39, jim kaɗan layi biyu suka fito, alamar kala-azar ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi.

Maganin akwai shi, amma ba a jakarmu ba. Allura biyu ce kullum, SSG da paromomycin, kwana 17 a jere, a cibiyar da ke da nisa da ƙauyen. Mu kuwa kwana ɗaya muka zo yi.

Na yi wa uban bayani, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Likita, ba na ja da maganarka. Amma riɗi ya nuna." Wanda ya taɓa noman riɗi ya san ba ya jira. Ka makara da kwanaki, kwanson ya buɗe, abincin shekara ya zube ƙasa. Matarsa na jego, ga bashin noma a wuyansa. A da, in na ga an kawo yaro asibiti a makare, cewa nake sakacin iyaye ne. Ranar nan na daina faɗin haka.

Inna ce ta raba gardama. Ta ce, "Kai je ka gonarka. Ni da zan iya yanka riɗi? Jinya dai na iya." Ta ƙulle garin dawa da busasshiyar kuɓewa a zane, muka haɗa mata kuɗin cefane, muka matsa musu wuri a bayan mota. Ga su nan a tsakanin kwalaye, ta tallafe kansa a cinyarta saboda gargadar hanya.

Bayan wata guda uban ya kira ni da wayar maƙwabcinsa, ya sa yaron ya gaishe ni da bakinsa. Lambar tana nan a wayata. Tun da aka fara yaƙi nake gwada ta, ba ta shiga. Daren jiya ma na gwada.