Jirgin da babu shi a cikin zanen

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, a nan ba a ɗaga murya. Yau muna gidan adana zane-zane na birnin St. Louis a jihar Missouri ta Amurka, cikin Forest Park. Shiga kyauta ne, ko sisi ba a karɓa.

Bari in ja da baya don ya shiga kyamara gaba ɗaya. Faɗinsa ya haura mita 3. Wannan shi ne zanen nutsewar Titanic da Bajamushen nan Max Beckmann ya yi tsakanin 1912 da 1913, yana ɗan shekara 28. Bai je wurin ba, jaridu kawai ya karanta. Daga baya 'yan Nazi suka yi wa aikinsa tambarin lalatacce, ya bar Jamus a 1937, ya zo koyarwa a wannan garin a 1947. Dalilin da ya sa ayyukansa suka taru a nan ke nan.

To, ku nemo jirgin. Kun gan shi? Can sama yake, ɗan ƙarami, fitilunsa a kunne, ga dutsen ƙanƙara kusa da shi. Sauran filin duk mutane ne. Bari in matso. Dubi kwale-kwalen nan, ya cika maƙil har ya karkace, ga hannuwa daga cikin ruwa suna kama bakinsa. Sai ka rasa na ciki jawo su suke yi ko ture su. Wallahi nan ne idona ya fi tsayawa.

Ruwan kuma ya yi shi yana tumbatsa, alhali waɗanda suka tsira sun ce a daren tekun kwance take lamo, babu wata, sai taurari. Masu zane na lokacin duk haka suke. Akwai wani Bajamushen, Willy Stöwer, wanda nasa zanen ya fi yawo a intanet: ya sa baƙin hayaƙi na fita daga bututu na huɗu, bututun da ba na tukunyar injin ba ne, na shan iska ne. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya tsaya min a rai wani jirgi ne da ba ya cikin zanen, sunansa Californian.

Ga yadda aka yi. Daren 14 ga Afrilu 1912, Californian ya tsaya cak saboda ƙanƙara ta kewaye shi. Mai aika saƙon tangarahu na jirgin, Cyril Evans, ya buga wa Titanic gargaɗi. Jack Phillips, mai tangarahun Titanic, yana fama da tulin saƙonnin fasinjoji zuwa tashar Cape Race, sai ya katse shi, ya ce ya yi masa shiru, aiki yake. Evans shi kaɗai ne mai wannan aikin a jirginsu, tun safe yake kai. Wajen 11:30 ya kashe na'ura ya kwanta. Ƙarfe 11:40 Titanic ya gogi ƙanƙara.

Daga nan Phillips da mataimakinsa Harold Bride suka dinga buga CQD, suka haɗa da SOS, alamomin neman agaji. Jirage na nesa suka ji. Na kusa, kunnensa a toshe.

Amma ai akwai ido. Titanic ya riƙa harba rokoki farare sama don neman agaji, kuma ma'aikatan Californian da ke gadi a daren sun ƙirga guda 8. Ɗaya daga cikinsu, Herbert Stone, ya sanar da kyaftin ɗinsu, Stanley Lord, wanda ke kishingiɗe. Lord ya tambaya ko alamar kamfani ce, ya ce a gwada yi musu magana da fitila. Stone da bakinsa ya faɗa wa yaron da ke tare da shi cewa jirgi ba ya harba roka a teku haka kawai. Duk da haka babu wanda ya taka ya tashi Evans. Taku nawa ne zuwa ɗakinsa, don Allah?

Ƙarfe 2:20 Titanic ya nutse. Mutum sama da 1,500 suka tafi, yawancinsu sanyin ruwa ne ya kashe su. Wani jirgi, Carpathia, da ke nesa da mil 58, shi ya keto ƙanƙara da gudu ya iso wajen ƙarfe 4, ya kwashi mutum 700 da 'yan kai. Shi ma mai tangarahunsa, Harold Cottam, shirin kwanciya yake yi saƙon ya shigo. Californian bai iso ba sai da rana ta fito, ihu bayan hari.

Ni a ganina ko da Beckmann ya so, da wuya fenti ya ɗauki wannan. Ana iya zana roka, ana iya zana mai ihu. Ta yaya za ka zana mutumin da ya ga roka ya koma yana shawara da zuciyarsa? Abin da Beckmann ya iya shi ne ya bar mutanen nan su kaɗai da ruwa, babu mai zuwa ta kowace kusurwa.

Kada kuma mu yi saurin yanke wa Lord hukunci gaba ɗaya. Binciken Ingila na 1912 ya ce tazarar da ke tsakanin jiragen biyu ba ta wuce mil 8 zuwa 10 ba, shi kuwa ya dage kusan mil 20 ce, har ya mutu a 1962 yana neman a wanke shi. Da hukumar binciken haɗurran teku ta Birtaniya ta sake duba lamarin a 1992, ta ce lalle an ga rokokin kuma ya kamata a motsa, amma ko an motsa da ƙyar ne a iso kafin jirgin ya nutse. A shekarar haɗarin Amurka ta yi dokar cewa manyan jiragen fasinja su riƙa sauraron tangarahu dare da rana, ba a sake barin mutum ɗaya da aikin ba.

Ga wasu 'yan makaranta nan sun shigo da malamarsu, bari in ba su wuri. Mu leƙa bangon can, akwai zanen da Beckmann ya yi bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, za ku ga hannunsa ya canza gaba ɗaya.