Godiya Ba Takunkumi Ba Ce

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Wata magana aka yi a gabana daren Laraba, a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, kuma har yanzu tana ci mini rai. Ɗan ƙanwata ne ya dawo hutu daga wata ƙasar Turai inda yake karatu. Ya zo gaida dattawa, aka ce, yaro zauna ka ba mu labarin ƙasar Nasara. Sai ya ba da labarin ranar da ya fara sauka. Layi ɗaya suka bi da kowa a filin jirgi. Fararen fata ana buga musu hatimi suna wucewa kamar ruwa a kwararo. Da aka zo kansa, jami'in ya dubi koren fasfo, ya ɗaga kai ya dubi fuskar mai fasfon, ya yafito wani. Aka kai shi wani ɗaki marar taga. Aka zazzage jakarsa, aka kwance ƙullin yajin da uwarsa ta daka masa, aka shinshina kukar miya. Sannan aka ce ya buɗe wayarsa. Suka bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya, har da na mahaifiyarsa tana tsakar gida ba mayafi. Awa uku. Ya ce su biyar ne a ɗakin nan, kuma duk baƙaƙe ne. Da suka gama, suka miƙa masa fasfonsa, ko "yi haƙuri" babu.

Yana rufe baki wani dattijo ya ce, "To ɗana, ai sai ka gode wa Allah da suka bar ka ka shiga. Wasu daga nan ake juyo da su." Majalisa ta amsa, gaskiya ne, gaskiya ne. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Shi ke nan, magana ta mutu, aka koma hirar farashin masara.

Ni ma ban ce uffan ba, kada in yi muku ƙarya. Kunyar furfura ta kama ni. To abin da na haɗiye ranar shi zan amayar yau.

Godiya ga Allah wajibi ce, babu musu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ma koya mana cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Amma abin da aka yi wa yaron nan ranar Laraba ba koya masa godiya ba ne. Toshe masa baki aka yi. An ɗauki kalma mai tsarki an mayar da ita takunkumi. An wulaƙanta mutum saboda launin fatarsa, ya zo gida yana neman wanda zai ce masa "ba a kyauta maka ba", mu kuma muka ce ya yi godiya da ba a ƙara masa da mari ba. Wannan wace irin godiya ce?

Kuma kada wani ya ce mini tsautsayi ne na rana ɗaya, ko kuwa jami'in ne ya tashi da baƙin rai. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fatattaki 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, cikinsu har da 'yan Najeriya, suka kwana a titi. A 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke, ɗalibai baƙar fata sun ba da labarin yadda aka tura su baya a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyaka. Gudun mutuwa ake yi, amma sai da aka duba fata.

Yanzu ma abin ya wuce jami'i mai ɗaure fuska, ya shiga cikin na'ura. A 2018 wata mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, ta gwada manhajojin karanta fuska na wasu manyan kamfanoni uku. Aikin da aka ba su ɗan ƙarami ne: su faɗi ko hoton namiji ne ko na mace. A kan maza fararen fata kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. Dalili? An horar da na'urar da fuskokin fararen fata, mu ba ta san mu ba. A watan Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka suka kama wani magidanci baƙar fata a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, wai ya saci agoguna a kanti. Kwamfuta ce ta ce shi ne. Ya yi kusan awa 30 a tsare, alhali ba shi ba ne. To shi ma sai mu ce ya gode da aka sake shi?

Na san amsar da ke bakin wasu tun kafin in gama: mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. In ba ka da laifi, me ya dame ka don an duba wayarka? Haba jama'a! Bahaushe ne yau yake wannan magana? Mutumin da ya gina zaure don kada baƙo ya hango tsakar gida? Mutumin da yake rubuta "ba a shiga" da gawayi a ƙofar gidansa? Mu da babbar addu'armu, safe da yamma, ita ce Allah ya rufa mana asiri? Shin mai roƙon rufin asiri ɓarawo ne? Bashin da ke kanka, ciwon da kake jinya, saɓanin da ke tsakaninka da iyalinka, babu laifi ko ɗaya a ciki, amma ba ka so a karanta su a bakin kasuwa. Allah da kansa ya ce a Suratul Hujurati, aya ta 12, kada ku yi bincike a kan juna. Aya ta 13, wadda ke biye da ita kai tsaye, ita ce ta ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma mafificinmu shi ne mafi taƙawa. Hani ga leƙen asirin mutane da hani ga fifita launi, ga su nan kafaɗa da kafaɗa a shafi guda. Saboda haka a ajiye maganar kaza a aljihu. Ba ta kai ko'ina ba.

Idon da ke sa ido ba ya kallon kowa daidai, wannan ita ce matsalar. A can yana bin baƙar fata. A nan gida yana bin talaka.

Mu dubi kanmu. Tun 2014 aka kawo BVN, lambar tantance masu asusun banki, muka je banki muka dangwala yatsu goma. A watan Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa ko a rufe layin, kuma babban dalilin da aka ba mu shi ne tsaro. A wannan watan ne dai, daren 11 ga wata, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ranmu a dagule yake, saboda haka ba mu yi gardama ba, muka tafi layi. Ni da idona na ga wata tsohuwa a wani wurin rajista, ta taso daga ƙauye tun asuba. Na'ura ta ƙi karanta yatsanta, saboda shekara da shekaru na surfe da daka sun shafe zanen. Yaron da ke aikin ya ce, "Iya, goga shi a zanenki." Ta goga. Ya ce ta ɗan lasa. Ta lasa, ta sake dangwalawa. Da ta kama a ƙarshe, sai tsohuwar nan ta ɗaga hannu tana cewa, "Na gode ɗan nan, na gode, Allah ya yi albarka." Ita ke godiya! Ita da aka kashe wa yini guda da kuɗin mota.

To bayan duk wannan, ina tambaya: da wane layi ɗan bindiga yake kira yana cinikin kuɗin fansa? Da wayar iska? Mutum yana daji, yana kira yau, ya kira gobe, ya yi ragi, ya ƙara, ya ce a haɗo da babur da katin waya. Iya da ta lasa yatsa an san sunanta da na ubanta da ranar haihuwar da aka ƙirƙira mata. Shi kuwa mai kiran ba a san inda yake ba. A watan Satumban 2021 sai aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina, su Jibiya da Batsari da Safana da Faskari, aka yi watanni a haka. Mai jinya ba ya iya kiran ɗan'uwansa, mai sayar da kati da mai POS suka zauna. Aka ce mana haƙuri, don lafiyarmu ne. Muka yi haƙuri, har muka yi godiya. In ka buɗe baki ka ce, ina amfanin bayanan da muka bayar, sai a ce ka gode wa Allah kai kana birni kana barci da ido biyu a rufe. Takunkumin nan dai, shi ne aka sake ɗauko mana.

A nan zan yi adalci, don ni ma wani lokaci ina rasa ta cewa. Infoma gaskiya ne. Akwai wanda yake cin tuwo da kai da rana, da dare ya buga wa 'yan daji waya ya ce ka sayar da shanu. Wanda aka ɗauke wa ɗa, in ka ce masa kada a saurari wayar kowa, zai ɗauke ka mahaukaci, kuma ba zan ga laifinsa ba. Kyamara ma ba kullum take zama sharri ba. Da ba don wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗaga wayarta ta ɗauki bidiyo a birnin Minneapolis na Amurka a watan Mayun 2020 ba, da kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya danne wa wuya, ya tafi a rahoton 'yan sanda kawai. Don haka ban ce a rufe ido ba. Cewa nake, wa ke riƙe da idon, wa yake kallo, kuma wa zai tuhume shi in ya yi ɓarna? A bi wanda ake zargi, da hujja, da izinin kotu. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Mutum nawa a majalisarmu suka san da ita? Ga masu ba da rance ta manhajar waya, ka karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ka makara kwana biyu, su kwashe lambobin wayarka su aika wa surukinka da limaminku cewa kai macuci ne. Wanda aka yi wa haka ma na ji an ce masa ya gode da suka taimake shi lokacin da yake cikin matsi.

Laifi kuma tudu ne. Muna jin zafin abin da aka yi wa yaronmu a Turai, muna jin zafin yadda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, bisa zargi kawai, ba kotu ba shari'a. Amma Bafillatanin da ya shigo kasuwa da sandarsa da gorar ruwansa, da wane ido muke kallonsa yau? Sau nawa aka sauke shi daga mota a shingen hanya, sauran fasinja muka kau da kai? Abin da jami'in can ya yi da koren fasfo, shi muke yi da sanda da rawani. Kuma in an sake shi, mu ne za mu ce ya gode wa Allah.

Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu da takarda ta riƙe mutane, ba da sarƙa ba. Kowane baƙar fata sai ya yi yawo da littafin izini mai faɗin inda zai kwana da inda zai yi aiki. Ranar 21 ga Maris 1960 mutanen Sharpeville suka fito suka ce sun gaji da shi, 'yan sanda suka buɗe wuta, alƙaluman hukuma suka ce mutum 69 suka mutu. Na tabbata a lokacin ma akwai dattawa masu cewa, ku gode da an ba ku izinin shiga birni. Ba sai mun je nesa ba ma. Tun muna yara ake ba mu labarin rijiyar Kusugu a Daura, yadda macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ruwan Allah ne, rijiyar garinsu ce. Ban taɓa jin mai ba da labarin ya ce mutanen Daura su gode wa macijiya saboda ta bar musu Juma'a ba.

Saboda haka, Baba, da girmanka da furfurarka, ina neman afuwa, amma ba ka kyauta wa yaron nan ba, mu ma da muka yi shiru ba mu kyauta ba. Zai iya cewa alhamdulillahi da ya samu karatu, a numfashi guda kuma ya ce an zalunce ni. Ɗaya ba ta kore ɗaya. Godiyarsa ta Allah ce, ba ta mutumin da ya buɗe hoton uwarsa ba.

Jiya na leƙa gidan ƙanwar tawa. Saura mako biyu ya koma. Na same shi a zaure shi kaɗai, kansa a kan waya, yana ta dannawa. Na ce, me ake yi? Ya ce, "Kawu, hotunan gida nake gogewa." Sannan ya shafa ɗan gemunsa ya tambaye ni ko ya fi kyau ya aske kafin tafiya.