Yadda Ake Ɗinka wa Ƙananan Yara Tufafi a Gida

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kantin Kwari a goman ƙarshe na watan azumi ya san irin cunkoson da ake yi a kan kayan Sallar yara, ya kuma san abin da ke biyo baya a shagon tela, inda ake tara ɗinki har ya kai rufi, a yi ta alƙawarin gobe da jibi, wani lokaci har a sauko daga Idi rigar yaro ba ta fito ba. Yau za mu nuna yadda uwa, ko yaya, ko duk mai keken ɗinki a ɗaki, za ta ɗinka wa ƙaramin yaro tufa da hannunta, kuma za mu yi misali da doguwar rigar yarinya 'yar shekara uku.

Kafin mu ɗauki almakashi, akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciyar mai ɗinki, domin a kansa sauran aikin ya dogara. Babban mutum idan aka gwada shi bana, gwajin zai yi masa baɗi, amma yaro kullum cikin girma yake. Jariri yakan zo duniya da tsawon kimanin santimita 50, kafin ya cika shekara ɗaya ya kai wajen santimita 75, sannan daga shekara biyu zuwa sama yakan ƙara santimita 5 zuwa 7 a kowace shekara. Iyaye sun san da wannan, shi ya sa za ka ji ana ce wa tela ya yi ta da ɗan girma don ta daɗe. Sakamakon shi ne rigar da muke yawan gani ranar hawan Sallah, kafaɗa ta zubo har dantse, hannu ya haɗiye yatsu, yarinya tana tafiya tana taka bakin rigarta. A ganina wannan ba tattali ba ne, domin kafin yarinyar ta cika rigar, rigar ta riga ta koɗe. Dabarar da ta fi ita ce a ɗinka rigar daidai da jikin yau, a ɓoye ƙarin gobe a cikin kalmasa da ɗinkin gefe, inda ido ba ya gani, ranar da ake bukata sai a farke a saki.

Mu fara da yadi. Garin Kano daga watan Maris zuwa Mayu zafinsa yakan kai digiri 40, kuma fatar yaro ba ta jure abin da ta babba take jurewa, saboda haka auduga ce ta fi dacewa da kayan yau da kullum, don tana shan gumi, iska kuma tana ratsa ta. Matsalar ita ce yawancin atamfofi masu araha da ke kasuwa yanzu an gauraya su da zaren roba, wasu ma robar ce zalla, kuma da ido kaɗai ba lallai ne a gane ba. Ga gwajin da kuke gani ana yi: an zaro zare kaɗan daga bakin yadin, an kanga masa ashana. Idan auduga ce, za ta ci wuta da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Idan roba ce, za ta narke ta dunƙule ta zama ɗan ƙullutu mai tauri. Wannan bambanci ya wuce maganar zafi da ƙuraje, domin a lokacin hunturu yara suna matsawa kusa da murhun gawayi, kuma yadin roba idan ya haɗu da wuta narkewa yake yi ya manne wa fata. Ita ma audugar tana cin wuta, don haka ko da wane yadi ne, kada a yi wa rigar zaman gida fankamemen hannu ko baki mai jan ƙasa.

Ba dole ne a sayi sabon turmi ba. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma sau da yawa idan uwa ta ɗinka riga da siket takan sami ragowar yadi ɗaya da rabi, wanda ya ishi rigar da za mu yi yau. Tsohon zane mai kyau da ya sha wanki ma yana yi, hasali ma ya fi sabo laushi a jikin jariri.

Idan sabon yadi ne, a wanke shi tukuna kafin a yanka. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda son ƙyallin sabunta, amma auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma gara ta tsuke tana yadi da ta tsuke tana riga. Wankin yana kuma fitar da sitacin da ke sa atamfa ta yi ƙarfi tana kartar wuya, ya kuma tona asirin wadda take zuba. A shanya a inuwa, a goge ta miƙe sarai, domin yadin da ya yamutse ba ya ba da yanka na gaskiya.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, tef na gwaji, alli, allurai, zare, da keke. Tsohon keken nan baƙi na Butterfly ko Singer da ake sa wa amare a kayan ɗaki ya wadatar, ko na ƙafa ne ko na hannu, kuma ba ya jiran a kawo wuta. A sa masa allura mai lamba 14 idan atamfa ce, mai lamba 11 idan yadin mara kauri ne irin na kayan jarirai, a kuma tabbata zaren sama da na ƙwarƙwaro iri ɗaya ne, in ba haka ba ɗinkin zai riƙa tattarewa.

Yanzu sai gwaji, kuma duk wadda ta taɓa bin 'yar shekara uku da tef ta san ba ƙaramin aiki ba ne. Idan yarinyar ta ƙi tsayawa, kada a yi ta fama da ita, a ɗauko rigar da take yi mata daidai a yanzu, a ninka ta biyu a tsaye, a shimfiɗa a kan takarda mai faɗi, a bi gefenta da alli. Mu tamu yarinyar ta tsaya, mun sami ƙirjinta inci 21, kafaɗa zuwa kafaɗa inci 9, tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa inci 22. A kan ƙirjin za mu ƙara inci 3 na sakewa, domin yaro yana gudu, yana tsugunawa, yana ɗaga hannu sama a ɗauke shi, ya zama inci 24. Tunda yadin a ninke yake, gaba da baya kuma daban za a yanka su, sai mu raba 24 gida huɗu, mu sami inci 6. A nan ne ƙarin ɓoye na farko yake shigowa. A ɗinkin manya akan bar rabin inci a gefe, amma mu za mu bar inci ɗaya cur a kowane gefe, wato mu yanka a kan inci 7. A ƙasa kuma za mu ƙara inci 3 na kalmasa, tsawon yanka ya zama inci 25, da ɗan abin da ɗinkin kafaɗa zai ci. Kafaɗa kuwa ba a ƙara mata komai sai na ɗinki, domin ita ce take riƙe da fasalin riga, idan ta zube komai ya zube.

Akwai gwaji ɗaya da masu koyo suka fi mantawa da shi, shi ne kai. Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka kwatanta da jikinsa. Wannan yarinya mai ƙirji inci 21, kewayen kanta ya kusa inci 20. Ni kaina na taɓa cin karo da wannan lokacin da nake koyo. Na ɗinka wa 'yar ƙanwata riga da daren Sallah, na yi mata ɗan wuya zagayayye mai kyau kamar na manya, da safe aka zo sawa kai ya ƙi shiga, yarinya tana kuka a cikin riga, uwarta tana ja, daga ƙarshe da reza aka tsaga bayan aka kama da fil. Tun daga ranar ba na yanka wuyan rigar yaro sai na tanadi mashiga. Ku duba yadda ake yi: ana tsaga bayan rigar daga wuya zuwa ƙasa kimanin inci 5, a naɗe bakin tsagar da siririn ƙyalle, a sa maɓalli ɗaya da 'yar madauki a sama. Mai son zif tana iya sawa, amma ta ɗinka ƙyalle a bayansa don kada haƙoransa su cije fata.

Wajen yanka, a shimfiɗa yadin yadda tsawon riga zai bi tsawon yadi, wato ya yi daidai da bakin nan da masaƙa ta gama, domin ta wannan fuska yadi ba ya miƙewa, riga kuma ba za ta karkace bayan wanki ba. A lura da zanen atamfar ma, kada tsuntsu ko fure ya tsaya da ƙafa a gaba, ya koma da ka a baya.

An gama yanka, sai haɗawa. Ana fara da kafaɗu, a haɗa fuska da fuska, sannan a gyara wuya tun rigar tana buɗe, don ya fi sauƙin juyawa a ƙarƙashin allura. Wuya da hammata su ne wuraren da yaro ya fi jin ƙaiƙayi, saboda haka a naɗe su da ƙyallen auduga mai laushi da aka yanka a karkace, domin ƙyallen da aka yanka a karkace shi ne yake bin lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Ramin hammata a zurfafa shi da kamar rabin inci fiye da na jiki. Daga nan a ɗinka gefe, a bar incin nan ɗaya a ciki, kada a rage shi da almakashi kamar yadda hannu ya saba. A kalmashe bakin kowane ɓangare shi kaɗai don kada ya zare, ko a kai wa mai keken wibin, wato keken da ke naɗe bakin yadi da zare, ya bi kowanne daban, sannan a buɗe ɗinkin a danne da dutsen guga ya kwanta. Idan aka haɗa ɓangarorin biyu aka yi musu wibin tare aka datse, to an kashe ƙarin da aka tanada.

Kalmasar ƙasa ita ce taskar rigar. A naɗe rabin inci, a sake naɗe inci biyu da rabi, a ɗinka da taku mai ɗan tsawo don farkewa ta yi sauƙi nan gaba. Kowane ɗinki a fara shi a kuma ƙare shi da komawa baya sau biyu ko uku, musamman a hammata da bakin aljihu, domin kayan yara sun fi na kowa shan wanki da cuɗa.

Maganar ado tana bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ne sha'awa take rinjayar hankali. 'Yan ƙananan duwatsun ado da ake mannawa da gam suna da kyau a hoto, amma yaron da bai kai shekara uku ba duk abin da ya ɓantaro baki yake kai shi, wani lokaci hanci ko kunne, kuma ƙaramin maɓalli yana iya shaƙe shi. Idan za a sa maɓalli, a sa shi a baya inda hannunsa ba ya kai, a ɗinka shi da zare ninki biyu, a ja shi da ƙarfi a gani. Kada a sa igiya ko zariya a wuyan rigar yaro ko a hular da ke haɗe da riga, domin tana iya maƙalewa a ƙofa ko a lilo. Wadda take son ado ta yanko furen da ke jikin atamfar ta ɗinka shi a ƙirji, ko ta yi tattara a ƙugu, ko ta bi bakin hannu da ƙyalle mai wani launi.

Ga 'ya'ya maza, ƙa'idar ba ta canza ba, sai dai wurin da ake kula ya koma wando. A saki hantsa sosai, domin a nan ne wandon yaro yake fara yagewa idan ya tsuguna ko ya haura katanga, kuma a bi ɗinkinta sau biyu. Maimakon zariya a sa roba mai faɗin inci ɗaya, a yanka ta ƙasa da ƙugun yaron da kamar inci ɗaya, a zura ta cikin kalmasar ƙugun wandon, a bar 'yar kafa da za a iya zaro ta a canza idan ta saki. Wannan yana taimaka wa yaron da ake koya wa zuwa bayan gida da kansa, wanda ƙullin zariya kan ci amanarsa. Idan kaftanin shadda ne na Sallah, a yi wa wuyan shafi da farin yadi mai laushi, musamman idan an yi aiki, domin bayan zaren aiki yana da kaushi.

Ga rigar tamu ta kammala. Kafin a sa wa yarinya, a juya ta ciki, a yanke duk wani zaren da ya yi saura, a bi kowane ɗinki da tafin hannu a tabbata ba a manta da fil ba. Bayan wata takwas ko shekara, idan aka ga gwiwa ta fara leƙowa, sai a farke kalmasar a saki inci biyu, idan ƙirji ya matse a saki rabin inci a kowane gefe, wanda zai ƙara wa kewayen rigar inci biyu. Wurin tsohon ninkin yakan bar wani ɗan farin layi da guga ba ta gogewa, don haka tun yau a adana ragowar ƙyallen atamfar a cikin akwatin keke, ranar da aka saki rigar sai a yanko siriri a ɗinka a kan layin ya rufe shi.