Ƙanena Da Darar Turawa

Assalamu alaikum masu kallo. Allon da kuke gani na wayar ƙanena ne. Muna wani ƙauye kusa da Ringim a Jigawa, inda sai an kai waya shagon mai caji. Daga nan yake buga ces, wato darar Turawa, da mutanen Indiya da Rasha.

Manhajar Lichess yake amfani da ita, kyauta ce, ba talla. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya ƙirƙire ta a 2010. Duk sabon shiga ana ba shi maki 1500 da alamar tambaya a gefe, ma'ana ba a san ƙarfinsa ba tukuna. In ya ci a ƙara masa, in an ci shi a rage.

Shi kam makinsa zubewa suka yi ta yi. Ku dubi wannan tsohon wasan nasa: taku na biyu ya fito da sarauniya, yana neman kashe sarki a taku huɗu. Dabarar tana cin sabon shiga, amma wanda ya san ta sai ya yi ta korar sarauniyar yana fito da mayaƙansa. A lissafin 'yan wasa sarauniya 9 ce, hasumiya 5, doki 3, soja 1. Ka ga wanda ya yar da 9 a banza ai ya gama yawo.

A gindin darbejiya aka gyara shi. Ƙanin mahaifinmu, gwanin darar gida mai rami 30, ya lallasa shi sau uku a jere, sannan ya ce: "Yaro, kai naka kawai kake kallo. Kafin ka ɗaga kara, duba me na ɗana maka." Maganar ta shige shi. Ya bar wasan minti uku ya koma na minti goma, wanda ya fi dacewa da mu ma, don sabis ɗinmu kan ɗauke alhali agogo yana tafiya. Duk wasan da ya faɗi kuma sai ya buɗe Stockfish, injin nazarin da ke cikin manhajar, ya nemo takun da ya ɓata lamarin.

Yanzu ku ga na makon jiya. Soja zuwa e4, doki zuwa f3 (sunayen gidajen allo ke nan), ya ɓoye sarki a lungu, sarauniya na gida. To ga abin da ke burge ni: dokin nan ya yi tsalle ya kai wa sarkin abokin karawa da hasumiyarsa hari lokaci guda. Dole sarki ya gudu, hasumiya ta tafi. Wannan tarkon mai baki biyu shi ne salonsa, kuma ni a ganina daga darar gida ya ɗauko shi.

Da sauransa a ƙarshen wasa. Idan ya yi rinjaye yakan saki jiki, har ya toshe wa sarkin abokin karawa kowace hanya ba tare da ya kai masa hari ba, a tashi canjaras. Amma bayan damina biyu ya dawo kan 1500 ɗin da aka ba shi ranar farko, kuma ku duba gefenta, alamar tambayar nan babu ita.