Darasi: Yadda Sabon Shiga Zai Hau Duwatsu Uku a Yini Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Waɗannan da kuke gani a bayana duwatsun Shere ne, gabas da garin Jos, kamar kilomita 10 daga cikin gari, inda ake horar da 'yan Man O' War. Darasinmu na yau na sabon shiga ne, wanda ya ƙudurta zai haɗa duwatsu biyu ko uku a yini ɗaya ya dawo gida da ƙafarsa.

Mu fara da lissafi, don a nan ake yin kuskuren farko. Ƙololuwar da ta fi tsayi a Shere ta kai wajen mita 1,829 daga saman teku. Kada lambar ta tsorata ku, ai Jos kanta tana bisa mita 1,200 da ɗoriya, abin da ƙafarka za ta hau wajen mita 600 ne. Amma fa dutse uku ba dutse ɗaya ba ne. Duk abin da ka sauka zuwa kwarin da ke tsakani bashi ne ka ci, sai ka biya shi a dutse na gaba. Akwai tsohon lissafi na wani mahayin tsaunuka ɗan Sukotland, William Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Mu ɗauka hanyarka kilomita 9 ce, hawa gaba ɗaya mita 700. Ka ga kusan awa uku ke nan. To wannan na ƙwararre ne a hanya mai kyau. Kai da za ka riƙa kewaye manyan duwatsu kana neman inda za ka sa ƙafa, ninka shi. Awa shida. Ƙara awa ɗaya na hutu da salla, bakwai. In ka tashi bakwai na safe, ƙarfe biyu ka gama.

Kuma tun kana ƙasa ka yanke lokacin juyawa. Ƙarfe biyu ta yi, ko saura taku hamsin ka taɓa ƙololuwa ta uku, a juya. A nan rana na faɗuwa shida da 'yan mintuna, duhu kuma ba ya jira, sannan sauka a kan dutse ta fi hawa cin lokaci ga wanda bai saba ba. Wanda ya fi wuya a cikin ukun shi za ka fara da shi, lokacin da cinya ke da ƙarfi kuma dutse bai ɗauki zafi ba. Mai sauƙi a bar shi ƙarshe, don in aka fasa shi ba a yi asara ba.

Lokaci kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Da safe akwai sanyi sosai, a zo da rigar sanyi mara nauyi wadda za a cusa a jaka in rana ta ɗaga. Damina ban ba sabon shiga shawara ba sam. Ɗan rakiya daga mutanen ƙauyen gindin dutse dole ne, a gaishe da mai unguwa, a tambayi inda ba a shiga, don akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa.

Ruwa. Rabin lita a kowace awa, ke nan lita uku... a'a, awa bakwai muka ce, lita uku da rabi. Fiya wata bakwai ke nan, amma kada ku zuba leda a jaka, tana fashewa da zarar kun jingina da dutse. A gora za a ɗura. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka in hanyar dawowa za ta sake bi ta kwari ɗaya, ajiye gora guda a inuwar wani dutse, ka sa alama, ka huta da ɗaukarta sama. Ɗaya daga cikin gorunan a yi mata haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Shi ke mayar da ruwa da gishirin da gumi ya fitar daga jiki. Ruwan alwala daban, kada a taɓa na sha. Abinci: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa, kada a jira yunwa. Kilishi ni ba na so a nan, yajinsa na ƙara ƙishi. Jakar gaba ɗaya, har da tocila, usur, bandeji da filasta, kada ta wuce kilo shida zuwa bakwai.

Yanzu takalmi. Malam, matso da kyamara nan. Ku dubi ƙasansa. Danna da babban yatsa, kun ga robar tana ɗan lotsawa? Ita ke kama dutse. Wanda ƙasansa ke da tauri yana ƙyalli kamar filastik, ko yana da haƙora manya, zamewa zai yi. Ba sai sabo ba, in kun shiga gwanjo a kasuwar Katako za ku samu mai kyau da sauƙin kuɗi, sai dai ku lanƙwasa shi ku duba ko gam ɗin ya fara saki, don tsohon takalmi a tsakiyar dutse yake rabuwa da tafinsa. Ku gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ku hau da ita, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Kuma kada ranar hawa ta zama ranar farko da kuka sa shi. Farce a yanke kwana biyu kafin nan.

Ga abin da nake so ku tsaya ku kalla da kyau, ɗaurin igiya. Kun ga wannan ƙaramar huda ta ƙarshe a sama, wadda yawanci ba a amfani da ita? Sa igiyar dama a hudar dama ɗin nan, ta yi ɗan kunne. Haka ta hagu. Yanzu ɗauki bakin ta dama ka zura a kunnen hagu, ta hagu a kunnen dama. Ja ƙasa, ba sama ba. Au, na manta, kafin ka ja, buga diddige a ƙasa ya koma can baya tukuna. Yawwa. Yanzu ja, ka ɗaure. Amfaninsa: in kana gangara, ƙafa na son ta zame gaba, yatsu su riƙa dukan bakin takalmi. Dubban taku a haka, farce ya yi baƙi ya cire, diddige ya yi bororo. A wajen hawa kana iya ɗan sassautawa, amma a kan kowace ƙololuwa, kafin ka fara sauka, zauna ka sake ɗaurewa. Sau uku ke nan yau. Da ka ji wani wuri na zafi-zafi a ƙafa, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai inuwa.

To mu hau falalen nan in nuna muku taku. Sabon shiga in ya ji tsoro sai ya kwanta wa dutse, ya manna ƙirji, ya ɗaga diddige. Wannan shi ke kayar da shi, don nauyinsa ya bar kan ƙafa, takalmi ba shi da abin da zai danne shi. Ku duba: tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, jiki a miƙe, hanci daidai saman yatsun ƙafa. Taku gajere. In gangaren ya yi tsaye, kada ka nufe shi kai-tsaye, yi ta karkata dama da hagu. In ya kai ga sa hannu, hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a kafe kafin ɗayan ya motsa. Ciyawa ba abin riƙo ba ce, saiwarta a ɗan ƙasar da ke tsaga take, da ka ja za ta biyo ka. Ƙerana kuma, wadda ake shinge da ita a gonakin nan, kada ma ka taɓa, farin ruwanta in ya shiga ido yini ya ƙare.

Kun ga wannan baƙin layin da ya gangaro? Hanyar ruwa ce. Ko da rani tana da santsi, da damina kuwa gansakuka ce zalla. Tsallake ta, ka taka inda dutse ke da kaushi. Wannan ɓawon kuma, saurara... kun ji yana amsawa kamar ganga? Ya rabu da uwar dutsen, zai iya ɓallewa da kai. Sannan tsakuwar nan 'yan ƙanana da ke warwatse a kan falale, kamar an zuba gero a kan siminti take. Share da gefen takalmi kafin ka ɗora nauyi.

Sauka ita ce jarrabawa. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada a ƙame ta. Inda ke da sauƙi ka fuskanci kwari, inda ya ƙara tsayuwa ka juya gefe, inda ya yi tsaye sosai ka juyo ka fuskanci dutse kamar mai sauka daga tsani. Zama a ja gindi ba abin kunya ba ne, amma jakar baya na iya tura ka gaba, cire ta ka miƙa wa na ƙasa. Ban da tsalle daga dutse zuwa dutse. Yawancin targaɗe a saukar ƙarshe ake yinsa, lokacin da cinya ke rawa, mutum na hango mota yana sauri. In ka ji rawar nan, zauna minti goma, ci dabino, sha ruwan gishirin. Kuma kafin ka haye kowane wuri mai wuya, dube shi ka tambayi kanka: zan iya sauka ta nan? In amsar a'a ce, nemi wata hanya. Ku bar tazara a tsakaninku, wanda ya ture dutse ya yi ihu "dutse!" da ƙarfi.

A kwari tsakanin na biyu da na uku a tsaya a yi shawara ta gaskiya. Ruwa ya kai kashi ɗaya cikin uku? Akwai mai ciwon kai, ko jiri, ko wanda tun safe bai yi fitsari ba? Wannan alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, a sa shi a inuwa, na uku ya jira wata rana. Ba a raba tawaga, tafiyar mafi rauni ita ce tafiyar kowa.

Kada a zura hannu a ramin da ido bai gani ba, macizai da ƙudan zuma na son tsagar dutse. In an yi sara, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure da roba. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. In hadari ya taso, ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa talatin ba, bar ƙololuwa, ban da fakewa a bakin kogo ko gindin bishiya tilo. Da rani kuma in kun hango hayaƙin ƙunar daji a ƙasanku, wuta gudu take yi in tana hawa, ku koma kan falalen da ba ciyawa.

Sabis yakan ɗauke a kwari ya dawo a sama, don haka a kan kowace ƙololuwa ku tura saƙo gida: muna kan na biyu, ƙarfe kaza. Lambar gaggawa 112 ce, usur kuma busa uku a jere. Ledar da kuka zo da ita ku koma da ita. Malam, miƙo min gorar can, rana ta fara ɗagawa, mu kama hanya. A darasi na gaba za mu duba yadda ake naɗa bandeji a idon sawu in an yi targaɗe.